Kawu Tanko da Farar Akuyata

Kun dai san Kawu Tanko marini, ƙanin mahaifiyata. In ka miƙa masa hannu, gaisuwa sai daga baya. Babban yatsanka zai cafke, ya ƙura wa zanen ido.

"Kai, dubi aiki! Komai na duniya ɗauri ne da rini."

Haka ya yarda. Ɗigon zabo, rodi-rodin saniya, zanen tafin hannu, wai tun a ciki ake matse wani wuri, launi ya shiga wani, kamar zani a marina.

Da duma ya fara. Ya ɗaure ɗanye da igiya yana kan yaɗo, ya girma da ƙugu kamar kalangu. Wannan nasarar ce ta jawo mana masifa.

Sai ƙwan zabi. Ya naɗe su da zare, ya tsoma a karofin shuni, ya sa wa kaza, wai zabo mai ratsi yake so. Suka ruɓe. Wari har masallaci!

"Kawu, ina zabon?"

"Shuni ne ya yi yawa."

Shekarar da samarin Kiru ke tururuwa zuwa Riruwai haƙar kuza, cutar agana ta shiga gidana. Ta ɗauke matata da ɗana. Ta bar min fuskar nan mai zanzana, da farar akuya mai ciki. Ita ke nan abin da na mallaka.

Wata rana na dawo daga gona na tarar da akuyar a marina, ciki ɗaure tamau kamar dami, baki shuɗi.

"Innalillahi! Kawu, me ka ba ta?"

"Kurɓi ɗaya ne, Audu. Ɗa mai ratsi za ka samu."

"In ta mutu, wallahi a karofin nan zan binne ka!"

"To ka kwashe min shunin tukuna."

Na yanke igiyar. Ta yini tana zawo shuɗi. Ba ta mutu ba. Ta haifi ɗa fari fat, ko ɗigo babu. Kawu ya juya shi sama da ƙasa.

"Ka kwance da wuri."

A lokacin nan mutane kawar da kai suke yi daga fuskata. Shi kuwa ranar ya kama haɓata da shuɗin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Mai wannan aikin ba ya kuskure. Ɗaga kanka."

Tun ranar ban sake rufe fuskata da rawani ba.

Allah ya jiƙan Kawu. Ya yalwata masa kabari, kada ƙasa ta matse shi. Amin.