Hamani, Mai Farar Mota, da Ni

Shekara goma sha ɗaya ke nan bana da muka kai Hamani makwancinsa a nan Sabha. Tun kafin in yi nisa gara in sanar da mai karatu cewa a labarin nan akwai mai hankali ɗaya, akwai wawa ɗaya. Mai hankalin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansa. Wawan shi ne ke riƙe da alƙalami. In an ga rubutun yana ɗingishi a yi haƙuri, lakwal ɗin da na yi, wato boko, aji uku ne, shi ma na ukun malamin ne ya riga ni gajiya.

Sunana Nomau, Bagobiri ne ni, da zanena a kumatu tun daga gefen baki har kunne. Hamani kuwa Bazabarme ne daga bakin kogi. Wanda ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa ya san ba sai na yi dogon bayani ba: tun ranar da muka haɗu wurin mai shayi a unguwar Tayuri ba mu taɓa gaisawa da ladabi ba. Shi ya ce kyanwa ce ta yi mini kwalliya a fuska. Ni na ce Hausarsa in tana fitowa kamar jaki ne ya taka ƙwarya. Da haka muka shaƙu.

A wancan zamani man fetur ya yi daraja, arziki ya gangaro daga bakin teku har ya iso mu cikin rairayi. Ko'ina ka duba a unguwar Sukra bene ne ke tashi, mudir, wato maigidan aiki, na neman leburori kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ni siminti nake kwaɓawa. Hamani da fenti ya fara: allunan shaguna, ƙofofin gidaje, bayan manyan motocin da ke ratsa Sahara. Sai wani Balarabe mai shagon hoto a unguwar Abdulkafi ya sayo kwamfuta, ya ajiye ta yana kallo kamar baƙon da bai san abin da yake ci ba. Hamani ya zo rubuta masa allo, ya leƙa, ya taɓa, bai ƙara komawa kan tsani ba.

Da wani ɗan faifai baƙi yake zane, da alƙalami maras tawada. Ya ja layi a faifan, layin ya fito a gilashi. Ni ranar da na fara gani sai da na yi a'uziyya. Shi kuwa murna yake kamar ango. Yakan ce a zafin Sabha fentin gwangwani kan bushe tun buroshi bai kai bango ba, ga mudir tsaye yana leƙen gwangwani ko ka yi ɓarna. Amma launin da ke cikin na'ura ba ya bushewa, ba ya ƙarewa, in ka yi kuskure ka ce masa ya koma baya, ya koma. Abu ɗaya kawai yake ƙorafi a kai: launin na'ura ba shi da wari. Don haka kullum akwai buɗaɗɗen gwangwanin fenti a gefen teburinsa. In zane ya cije masa sai ya sunkuya ya shaƙa, ya ce yanzu hannu ya tuna aikinsa. Na ce masa a garinmu mai irin wannan ɗabi'a turu ake kai shi.

Ni a ganina Sabha launi biyu gare ta, na rairayi da na siminti. Hamani ya ce makanta ce irin ta Gobirawa. Ya taɓa tsayar da ni bayan la'asar ya nuna mini inuwar wata katanga, ya rantse shuɗiya ce, har da ɗan shunayya a gefe. Na duba, na duba, ni dai inuwa na gani. Ya kuma ce baƙin mutum ba baƙi ba ne, a fatarmu akwai ja, akwai shuɗi, akwai ruwan dabino, mai gaggawa ne kawai ke tsoma buroshi a baƙi ya wuce. Kore kuwa, duk zanen da ya yi sai ya sa shi, ko da ɗan ganye ne a kusurwa. Kewar kogi ce ke damunsa, bai dai taɓa faɗa ba.

To a wancan lokaci al'adar 'yan ci-rani ce a aika hoto gida ta hannun direbobi, don iyali su ga kana raye, maƙwabta kuma su ga ba a banza ka bar gona ba. Da labarin Hamani ya bazu, ranar Juma'a shagon nan sai ya cika. Sai ya fara ɗaukar ka hoto yadda ka zo, ya sa a na'ura, sa'an nan ya yi zane a kai. Mai son hula a sa masa hula, mai son agogo a ɗaura masa. Wani ɗan Tawa da ke kiwon tumakin Balarabe ya ce a zana shi da garken raƙuma, aka zana, har da ɗan taguwa.

Ni da na tashi, ban yi da wasa ba. Na ce a ba ni babbar riga mai aiki, a ba ni tumbi irin na wanda ke cin nama kullum, a haska fatar kaɗan, a sa bene a bayana, farar mota a gefe, hannuna bisa ƙofarta. Sa'an nan na rage murya na ce zanen kumatun ma a share, don ban taɓa ganin mai bene a Sukra da zane ba. Hamani ya ajiye alƙalami ya tambaye ni wa zan aika wa. Na ce matata Habsu, da 'yata Ramatu wadda na baro a goye.

"Yarinya ta san fuskarka?" in ji shi.

"Ai don ta sani nake aikawa."

"To wannan mutum za ta sani, Bagobiri. Ba kai ba."

Na ce masa ba wa'azi na zo saye ba. Ya yi aikin, kuma don Allah ya yi kyau. Na daɗe ina kallon mutumin nan, har na ji ina jin nauyinsa.

Zanen aro ba ya rufe katara, haka magabata suka ce, amma ni lokacin ina ganin magabata ba su san kwamfuta ba. Bayan damina biyu na sami ɗaki da ɗan tsakar gida a Tayuri, na aika iyali su zo. Da safe motarsu ta iso tasha, mutane bisa kaya sun yi fari fat da ƙura. Na hango Habsu, na hango wata 'yar yarinya mai idona sak, riƙe da hoton nan cikin leda, tana duba fuskokin jama'a ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na buɗe hannu. Ta dube ni, ta dubi hoton, ta zagaye ni kamar an dasa turmi a hanya, ta ci gaba da neman ubanta.

Da farko dariya aka yi, ni ma na taya. Amma kwanaki suka wuce abin bai sake ba. In na shigo ta ɓuya bayan uwarta. Alewa in daga hannuna ta fito ba ta karɓa. Sunan da ta sa mini shi ne Mai Siminti. Habsu ta yi bayani har ta gaji, yarinya ta ce ita ta san babanta, kullum da shi take kwana a ƙarƙashin matashi, kuma ba shi da tsage a fuska. Ranar da dariya ta ƙare ita ce ranar da aka neme ta aka rasa. Wani mai gyaran taya ne ya riƙo hannunta daga bakin kwalta: farar mota ta gani, ta bi ta da gudu tana kiran baba. Habsu ba ta ɗaga murya ba. Ta dai ce, "Malam, kai ka ɗaura, kai za ka kwance."

Na kwashi yarinya da uwarta muka nufi Abdulkafi. Da na gama ba Hamani labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ya shaƙi gwangwaninsa ya dawo daidai. Na ce ya zana wani sabo mai kama da ni. Ya ce sabo ba zai yi ba, yarinya za ta ce wani Mai Siminti ne na biyu. Ya jawo kujera ya zaunar da Ramatu gaban gilashi, ya lalubo tsohon aikin. Mai farar mota ya bayyana, tana ganinsa ta yi tsalle.

A ranar na san yadda Hamani ke aiki. Ashe ba ya goge kome. Kowane abu da ya ƙara, a kan nasa shafi yake sa shi, hawa-hawa kamar ɓawon albasa, hoton farko yana can ƙasa ba a taɓa shi ba. Ya ce wa Ramatu, da Hausarsa ta Zabarmawa, "Baba ya ji zafi, mu cire masa kaya." Ya taɓa wani wuri, mota ta ɓace. Yarinya ta zaro ido. Ya sake taɓawa, bene ya tafi, sai ga bangon shagon da muke zaune ciki. Babbar riga ta tashi, ga tsohuwar rigata ta aiki. Tumbi ya sace kamar an huda salka, Habsu ta toshe baki da mayafi. Hasken fata ya janye. Daga ƙarshe ya kama ɗan yatsan Ramatu ya ce ita za ta danna. Ta danna. Zanen Gobir ya dawo kumatun mutumin, layi bayan layi.

Ramatu ta dubi gilashi, ta juyo ta dube ni, ta sauko daga kujera ta zo ta sa yatsa a kumatuna tana bin zanen har kunne. Ta ce, "Don me ka ɓuya?" Mai karatu, na yi gardama da mudirai, na yi da 'yan sandan bawaba masu tsaron shinge a hanya, amma wannan tambaya har yau ban biya ta ba.

Sai dai Ramatu 'yar uwarta ce, ba ta karɓar kaya ba ta duba ba. Ta ce wannan baban ba shi da kyau, duk ya yi toka. Hamani ya ce gaskiyarta, ya buɗe mata launuka ya ce ta zaɓa. Suka wuni a kai. Ta ba ni jar hula. Shi ya sa shuɗi da shunayya a inuwar fuskata, ya mai da ƙurar simintin hannuna kamar an barbaɗa zinariya, zanen kumatu ya fito da shi ɗaya-ɗaya yana sheƙi. A bayana ya malala kogi da korayen itatuwa, abin da ko a mafarki babu a garinmu. Ban yi ƙiba ba, ban yi fari ba, ba ni da ko keke. Amma duk wanda ya gani sai ya ce Nomau ne, kuma sai ya ƙara kallo. A hanyar komawa Tayuri a wuyana Ramatu ta hau, tana riƙe da kunnuwana kamar linzami.

Yanzu nakan zauna in ce, da Hamani zai leƙo ya ga zamani, me zai ce? Kowane yaro da waya a hannu, ya danna wuri ɗaya ƙuraje su ɓace, hanci ya miƙe, baƙi ya koma kamar ɗan Balarabe. Ramatu kanta, da yanzu take da nata 'ya'ya, ta aiko mini da hotonta a waya na ce wace ce wannan, ta ce ramuwa ce. Har an ce akwai na'urar da za ka gaya wa abin da kake so ta zana da kanta, ba hannu ba alƙalami. Na san Hamani ba zai yi fushi ba, shi da ya bar tsani ya rungumi gilashi. Zai ja kujera ya ce a nuna masa. Amma na san tambayar da zai yi bayan ya gama wasa da launukan: in an ɓare, akwai mutum a ƙasa?

Cikin aikinsa ba abin da ya rage da yawa. Kwamfutar ta mutu tun yana raye, shagon ya koma wurin sayar da wayoyi, allunan da ya rubuta an shafe su da sabon fenti. Hotunan da ya yi suna warwatse a ɗakunan ƙauyuka daga Tawa har Damagaram, rana tana cin launinsu a hankali. Nawa mai jar hula yana rataye a bango, kogin ya ɗan koɗe. Amma in la'asar ta yi na zauna ƙofar gida, na dubi inuwar katangar maƙwabcina, wallahi shuɗiya nake gani. Bazabarme ya tafi ya bar mini ido, ya kuma bar mini 'ya. Ban san gadon da ya fi wannan ba, ko da yake da yana nan ba zan faɗa a gabansa ba.

Mai farar motar kuwa ban yar da shi ba, yana ƙasan akwati. Shekaranjiya da zan fara wannan rubutu na ciro shi, na kaɗe ƙura, na riƙe shi kusa da fuskata. Habsu na tankaɗe a tsakar gida. Na ce, tsakani da Allah ta faɗi gaskiya, ai ita ma ta ji daɗi da aka ɓare wannan mutum aka dawo mata da mijinta na ainihi. Ba ta ko ɗago kai daga rariya ba.

"Yarinya aka tambaya, Malam, ba ni ba. Da ni Hamani ya zaunar gaban na'urar nan, ko motar ba a taɓawa."