Gwaggo Dije da Duwatsun da Aka Musanya

Ina tsaye gaban allo da alli a hannuna na hango maƙwabcinmu Malam Isa tela a bakin tagar aji, ya cire hula yana murza ta. Mutumin da ba ya barin keken ɗinkinsa ko da zazzaɓi ba zai zo makaranta da hantsi don gaisuwa kawai ba. Na fito. Ya tambayi aiki, ya tambayi maigida da yara, sannan ya ce, "Malama Binta, sai haƙuri. Gwaggonki Dije, lokaci ya yi, yanzun nan bayan ta idar da walaha." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba zan ɓoye wa masu karanta wannan ba, fushi ne ya riga hawaye isowa idona, kuma har yau da nake rubutu bai sauka ba.

Hajiya Dije yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni tun yaye, ta riƙe ni a gidanmu na Ƙofar Guga a birnin Katsina har ta kai ni ɗakin miji. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ban taɓa jin ta kira ni da wani suna da ya wuce "ɗiyata" ba. Sana'ar gidanmu duwatsun ado ce. Kakanmu ne ya fara sauko da tsakiya da aƙiƙ daga arewa ta hanyar Maraɗi, ya haɗa da murjani in ya samu. Maza su ke sayen dutse su kai azurfa wurin maƙeran fari, mata kuma su zauna su tsara abin wuya da na hannu da 'yan kunne. Bayan rasuwar mahaifina sana'ar ta rage hannun mutum biyu, Gwaggo a cikin gida, da autansu Baffa Lawal a waje.

Wanda bai ga Gwaggo tana aiki ba zai ɗauka jera dutse a zare abu ne na kowa. Mace za ta shigo ta ce tana son abin wuya, sai Gwaggo ta ƙi taɓa dutse ko ɗaya. Ta sa ta zauna, ta ba ta fura, ta ja ta da hira tana kallon tsawon wuyanta da launin fatarta da yadda take juya kai in tana dariya. Sai bayan haka ta jawo faifai ta shimfiɗa farin ƙyalle. Ta taɓa hana matar wani babban ɗan kasuwa jan aƙiƙ manya, ta ce mata, "Wanga ba naki ba ne, Hajiya. Shi za a gani, ba ke ba." Matar ta fita da fushi, ta dawo bayan sallar la'asar ta karɓi abin da Gwaggo ta zaɓa mata.

Ita ta koya mini gane dutsen gaske. Takan ce, "Ɗora shi bisa kumatu. In kin ji sanyi ya daɗe, na Allah ne. In ya yi saurin ɗumi, kwalba ce." Amma abin da aka fi saninta da shi a birni shi ne gyaran kayan gado. Zaren abin wuyan uwa ko kaka ya tsufa, sai a kawo wa Dije. Tana da doka ɗaya da ba ta karyawa: ba a kwance zaren gado sai a gaban mai shi, ba a kuma kwana da shi a gidanmu. Takan ce da ni, "Wadda ta kawo dutsen uwatta, uwar ce ta zo. Tashi ki ba ta tabarma." Matan Ƙofar Guga da na Ƙofar 'Yandaka da na unguwannin da ban ma san sunansu ba sun yi shekaru suna ajiye iyayensu a faifan nan ba tare da fargaba ba.

Sai aka zo wannan shekarar da soja suka ce za su koma bariki. Gari ya ɗauki harkar zaɓe, fastoci suka rufe bango, mutanen da jiya ba mai gaishe su suka wayi gari ana kiran su ranka ya daɗe. Matansu kuma kowace tana son ta fito ranar rantsuwa da tsohon dutse a wuya, don a ce gidan asali ta fito. Tsohon dutse kuwa ba a kasuwa yake ba, yana cikin akwatunan tsofaffi. A daidai lokacin ne yanar ido ta fara rufe ganin Gwaggo, aiki kuma ya yi mata yawa. Baffa Lawal, wanda ya buɗe shago mai gilashi a bakin titi yana kuma bin 'yan takara gida gida, ya zo ya durƙusa gabanta.

"Yaya, ki tausaya ma kanki," in ji shi. "Mi za a yi da mata cike da tsakar gida kullum? Su kawo shago in amsa, in kawo maki ki gyara a natse, in maida masu. Ai ni da ke duk ɗaya ne."

Ta ƙi, ta sake ƙi. Ranar da ta yarda ina wurin. Ta ce, "Lawal, Inna ta ba ni amanarka kana goye. In ban yarda da kai ba, da wa zan yarda?" Sau ɗaya ke nan a rayuwarta ta karya dokarta, kuma don ƙanenta ta karya.

Abin da ya biyo baya duk matan unguwa sun sani, amma rabinsa suka sani. Hajiya Mairo, aminiyar Gwaggo tun suna 'yan mata, ta ba da tsakiyar mahaifiyarta a gyara. A wurin wani suna abin wuyan ya zame mata ya faɗi kan siminti, duwatsu biyu suka tarwatse kamar kofin shayi. Tsakiyar gaske ba ta yin haka. Hajiya Mairo ta tattara ɓaraguzan da zaren a gefen zanenta, mata na biye da ita, ta shigo gidanmu ba sallama ta zube su a faifan Gwaggo.

"Dije, uwata na ba ki, kwalba kika maido mani. Mi na yi maki?"

Gwaggo ta lalubi zaren, ta bi ƙullin da yatsa. Ita bahaguwa ce, ƙullinta hagu yake kwanciya, wannan kuwa dama ya kwanta. Na ga fuskarta lokacin da ta gane cewa an kwance aikinta bayan ya bar hannunta, an zare na gaske an jera jabu. Na buɗe baki, ta damƙe gwiwata har sai da na ji zafi. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mairo, daga gidan ga ya fito. Laifin gidan ga ne." Ta tashi ta shiga ɗaka, ta fito da tsakiyar Inna, gadonta ɗaya tilo daga mahaifiyarta, ta ajiye a cinyar Hajiya Mairo. Hajiya Mairo ta karɓa, ta fita ba ta waiwaya ba.

Daga ranar ƙafa ta ɗauke daga gidanmu. Matan da Gwaggo ta tsara wa kayan aurensu suka riƙa sauya hanya in sun hango ƙofarmu. Na ji da kunnena a wurin biki ana cewa tsohuwa ta tsufa da kwaɗayi. Matar da ba ta taɓa barin ƙwayar dutsen wani ta kwana a ɗakinta ba, ita aka kira ɓarauniya a garin da aka haife ta. Baffa Lawal kuwa ya bi sahun masu jimami, yana girgiza kai a majalisa yana cewa ido ne ya ci amanar Yaya, a yi mata uzuri. Ya sayi mota. Aka fara kiran sa zuwa gidajen sababbin manya.

Ban tsaya ga zargi ba. Bayan an rantsar da sababbin shugabanni na je wata walima, na zauna kusa da matar wani zaɓaɓɓe. A wuyanta akwai tsakiya mai farin zane a gefe da ɗan tsagu kusa da huda. Dutsen nan na san shi tun ina yarinya, a wuyan mahaifiyar Hajiya Mairo na fara ganin sa. Na yaba, na tambayi inda ta samu. Baiwar Allah ba ta san komai ba, ta ce da murna, "Shagon Alhaji Lawal. Ya ce na kakarsu ne." Na koma gida na faɗa wa Gwaggo. Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Ki bar shi. Ba na son in ji da kunnena ana zagin ɗan Inna."

Na bar shi, saboda ita. Na zuba ido ina kallon ta tana ramewa, tana shimfiɗa farin ƙyalle a faifai kowace safiya ba mai zuwa, tana naɗe shi da yamma. Likita ya ce hawan jini ne. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma na san abin da ya hana ta barci da abinci, na kuma san wanda ya ɗora mata shi.

Ranar sadakar uku Baffa Lawal ya shigo tsakar gida gaida mata, idonsa jawur, babbar rigarsa na ƙamshin turare. Ya ce ya yanke shawara zai rubuta sunan Yaya a allon shagonsa, don kada sunan gida ya ɓace. Nan ne haƙurina ya ƙare. Sunan da ya shafa wa baƙi tana raye, shi yake so ya rataya a ƙofa ya ci kasuwa da shi tana kabari. Na miƙe a gaban mata na ce, "Baffa, kunnen da aka ce kada ya ji yana ƙarƙashin ƙasa yanzu." Na faɗi komai, ƙullin da dutsen da gidan da dutsen yake. Ya ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Hajiya Mairo, wadda ta zo ta raɓe a bakin ƙofa don kunya, ita ta taso ta tsaya a gabansa ta ce, "Lawal, dube ni ka rantse." Bai rantse ba. Ya nemi takalmansa ya fita.

Dangi sun ce na tona asirin gida. Na tona, kuma shi ya sa na rubuta wannan don wanda bai halarta ba ya ji. Duk matar da ta miƙa kayan gadonta ta hannun shagon nan a watannin zaɓe, ta buɗe akwatinta ta duba, ta kuma san ƙofar da za ta buga. Duk wadda bakinta ya taɓa sunan Dije da mugunta, ta nema mata gafara ta nemi tata. Gwaggo ta yafe wa ƙanenta, na shaida. Haƙƙinta ne, ta yi kyauta da shi. Nawa yana nan, ban yafe ba.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Dije. Ka yalwata kabarinta ka haskaka shi, ka sa ciwon da ta sha da shirun da ta yi su zame mata kaffara, ka tashe ta cikin masu riƙon amana, ka sada ta da Inna a Aljanna Firdausi. Ka ba Hajiya Mairo haƙuri, ita da take kuka biyu. Ka ba mu da ta bari juriya, ka shiryi zuri'armu. Cikin waɗanda ta bari har da ƙanenta Lawal, shi ma ba zan cire shi daga addu'a ba. Allah ka ba shi tsawon rai da lafiyar ido da ta kunne, ka zaunar da shi a Katsina, ya yi ta fita kullum cikin mutanen da suka sani. Amin.