Furar da Iya ta dama wa tafinta

Jiya wasu samari masu binciken talauci suka shigo gidana, suna tambayar sau nawa muke cin abinci a rana. Na buɗe baki zan ba su amsa, sai kakata Iya ta faɗo mini a rai.

Shekarar da fara ta cinye gonaki muna Hamdara. Kumandan, baturen mulki na Damagaram, ya aiko tafintansa ya duba gidajen da yunwa ta kama, don a ɗauke musu lanho, wato haraji. Ita kuwa tsohuwar nan, ba a shiga gidanta a fita da busasshen baki. Ta kakkaɓe gindin rumbu, ta daka ɗan geron da ya rage, ta dama fura har da citta. Har yau ina jin ƙamshinta.

Na ja zanenta na ce, "Iya, ki gaya masa babu mana."

Ta ce, "Rufe mini baki, sarkin ci. Baƙo ne."

Tafinta ya sha, ya goge gemu, ya ce gidan nan da sauran ƙarfinsa. Aka sa mu cikin masu biya, akuyarmu mai nono ta tafi.

Ragowar furar ni ta miƙo wa. Na ɗaga ƙwarya na shanye tas, tana kallona tana murmushi. Ta rasu ba ta ga sabon gero ba.

Da furfura a kaina na koyi karatu, kuma ba na tsoron idon kowa, amma kurɓin nan ya ƙi wuce mini maƙogwaro.

Allah Ya shayar da Iya har ta ƙoshi, Ya sa kafin ta tafi ta yafe mini.