Tumbin Kang Defu

A garin Yiwu kowa da abin da yake cin abinci da shi. Kang Defu da tumbinsa yake ci.

Shekara ashirin da shida yana aiki ɗaya a gidan shayin Uwargida Fang: taka dutse. A turara ganyen shayi ya yi laushi, a juye cikin jakar ƙyalle, a murɗe bakinta, a ɗora mata dutse irin na niƙa, sai Kang ya hau. Ya raba ƙafafu, ya kama ƙugu, ya yi ta rausaya, tumbi na gaba yana biye. Jim kaɗan a ciro curin shayi mai faɗi kamar faifai. A naɗe bakwai-bakwai cikin ɓawon gora, su tafi ɗakunan ajiyar masu hali su yi shekara ashirin, har ganyen ya yi duhu, ɗacinsa ya koma zaƙi.

Ka gan shi sai ka ce rawa yake ana biyansa. To, ba haka ba ne. Curin da ya matsu da yawa iska ba ta ratsa shi, ba zai nuna ba. Wanda bai matsu ba kuwa ya dinga zuba ta gefe, ƙamshin ya gudu kafin shekara biyar. Kang kilo casa'in da biyu ne cif, kuma nauyin da ganyen Yiwu yake so ke nan.

Masu tara shayi sun san haka, musamman Mista Leung na Hong Kong, wanda yake zuwa duk shekara da 'yar wuƙarsa da gilashin ƙara girma. Mutumin ya san shekarar da aka taka kowane curi a ɗakinsa, amma shekarun 'yarsa sai ya tambayi matarsa. Ya juya curi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Takun Tsoho Kang ne, ku ɗaure min ashirin." Kang kan ji daɗi har kunnuwansa su yi ja.

Wata safiya jiri ya kwashe shi daga kan dutsen, ya faɗo tim. Likita ya ce hawan jini ne da sukari, ko ya rage kilo goma sha takwas, ko dai iyali su fara shiri. Abin takaici, a gaban matarsa Shulan likitan ya faɗi haka.

Shulan ba ta kai masa kafaɗa ba, amma tun daga ranar gidan ya koma bariki. Soyayyen nama ya ɓace. Giyar masara ta ɓace. Kwanon shinkafarsa ya koma rabi.

"Haba tsohuwa, wannan abincin mutum ne ko na kaza?"

"Na kaza ne. Ci ka tashi."

Ya gwada laɓewa wurin mai taliyar shinkafa a bakin kasuwa. Mai taliyar ta ɗaga ludayi ta ce, "Rufa min asiri, Yaya Kang, matarka ta riga ka zuwa."

Shekara ta zagayo, Kang ya sauka zuwa saba'in da huɗu. Jiri ya tafi, yana hawan tudu ba haki. Sai dai dutse ba ruwansa da likita. Leung ya zo ya ɗauki sabon curi, ya murza gefensa da yatsa, ganye ya zubo masa a cinya.

"Wa ya taka wannan?"

"Kang ne," in ji Fang.

"Wane Kang? Wannan ai inuwarsa ce ta taka."

Fang ba muguwa ba ce, amma ba don Allah take sayar da shayi ba. Ta ba Kang kwana bakwai. In takun bai dawo ba, inji za ta sayo, shi kuma ya koma wurin naɗe curin shayi da takarda. Ya gwada daɗewa a kan dutsen, ganyen ya huce a ƙarƙashinsa. Ya gwada tsalle, curin ya karkace. Ran na shida ya dawo gida ya zauna bai ko taɓa rabin kwanon ba. Baƙin ciki ya cika shi, don bai san kansa a ko'ina ba sai a kan dutsen nan.

"Ke kika cinye ni," ya ce. "Kin samu miji mai lafiya marar amfani."

Ta ɗauke kwanon ta ajiye.

Washegari yana tsaye gaban dutsen sai ga Shulan tana jan wani buhu mai igiyoyi, ma'aikata na ta dariya. Ashe tun ranar likita ba ta daina auna shinkafarsa yadda ta saba ba. Ta auna cikakke, ta ɗebi dintsi ta zuba a tulu, ta dafa sauran. Abin da ya taru ke nan ta ɗinke, ta kai wa mai awo, kilo goma sha takwas.

"Ɗaga hannu, sarkin ƙorafi. Ga tumbinka, na ajiye maka."

Ya kai hannu zai goya a baya, ta buge hannun. "Da can a bayanka tumbin yake? Juyo!" Ta ɗaure masa a gaba, ta ja igiya tamau.

Kang ya hau, ya raba ƙafafu. Buhun ya yi gaba, shi ya bi. Aka ciro curi, Leung da bai riga ya tafi ba ya murza, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa da gilashi, ya ce a ɗaure masa ashirin.

"Sha tara," in ji Shulan, ta zare na farkon daga hannunsa, da ɗuminsa. "Wannan namu ne."

"Me za mu yi da shi?" in ji Kang, yana kwance igiya. "Sai ya shekara ashirin kafin ya yi daɗin sha."

"Na sani, tsoho. Ni kaɗai kake so in sha?"

Kang ya rataye tumbinsa a ƙusa, ya bi ta gida. Ranar bai ce komai ba game da rabin kwanon.