Inda Malam Ya Tsaya

Girmansa bai wuce sabulun wanki ba. Shuɗi ne, amma gefunansa sun koɗe saboda zufa da rana. Yara suna ce masa emfi. Malam kuwa, maigidana, rediyo yake ce masa, ko da yake bai taɓa kama tasha ko ɗaya da shi ba. Memori ake sa masa, ya yi ta karanto abin da ke ciki. Maɓallai huɗu ne a fuskarsa: na kunnawa, na gaba, na baya, da na ƙarin murya wanda ya shige ciki, sai an danna da farce. A Funtua ya saye shi, ya tsaya wajen masu turi a bakin tasha suka cika masa shi da tafsiri, tun daga Baƙara har Nasi. Muryar wani malami ce da aka ɗauka a masallaci cikin azumi, ana jin tarin mutane da kukan lasifika a bayanta.

Igiyar buhu Malam ya ɗaura masa, yana rataya shi a wuya in zai tafi gona. In hadari ya haɗu, ya nannaɗe shi a leda ya cusa a aljihu. Ruwan shuka na sauka zai koma farkon karatun, ya bi shi a hankali har kaka. Ni da nake gida, da karatun nan nake gane inda damina ta kai. In na ji suna cikin labarin Annabi Yusufu, na san masara ta kai gwiwa, an kusa zuba taki na biyu.

Abu ɗaya Malam yake yawan yaba masa, wai ba ya mantuwa. Inda ka kashe shi, nan zai tashi, ko bayan kwana nawa ne, ko a tsakiyar kalma ce. Kuma Malam bai taɓa shigowa gida da shi a kunne ba. Yana isowa bakin zaure zai danna, ya yi sallama, ya rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofar ɗakinsa.

Ɗanmu na fari, wanda yake aiki a Kaduna, ya taɓa kawo masa babbar waya mai shafawa, ya zauna ya nuna masa cewa duk abin da ke cikin rediyon nan wayar za ta ɗauka, har da ninkinsa. Malam ya yi godiya, ya sa albarka, ya ajiye ta a taga. In an tambaye shi, sai ya ce hannun da ya sha laka ba ya shafa gilashi, kuma ba zai bar karatu a tsakiya ba don dillalin waken suya ya kira shi. Ni kaɗai ya taɓa faɗa wa ainihin dalilin, muna cin tuwo.

"Ita waccan ta mutane ce," in ji shi. "Shi wannan ba wanda ya san hanyarsa sai ni."

Ranar da ciwon ya same shi, an gama cire masara, ana bugun waken suya. Ya dawo kafin azahar, abin da bai saba ba. Ina tsakar gida ina tankaɗe. Ya shigo dafe da kai, amma da sauran murmushi a fuskarsa. Ya rataye rediyon a ƙusarsa, ya ce in ba shi ruwa. Da ya sha, ya ce:

"Ki tuna min an jima, akwai labarin da zan ba ki."

Na ce to, na koma kan garina. Kafin la'asar bakinsa ya karkace, magana ta yi masa nauyi. Aka ɗauke shi zuwa asibiti a Funtua. Kwana uku ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Wanda bai yi takaba ba bai san girman gida ba. Kwana bakwai na farko ko wurin shimfiɗa sallaya da ƙyar nake samu. Daga nan aka fara raguwa. Na Kaduna ya koma, ƙaninsa ya koma makaranta Zariya, 'yata ta zauna har sati uku, sannan mijinta ya aiko daga Malumfashi. Matan maƙwabta suna leƙowa da hantsi, amma kaka ce, kowa da aikin da ke jiransa. Sai na wayi gari ina dafa abincin mutum biyu ba tare da na sani ba, ina ba kaji sauran.

Yara suka bar min wayar Malam, suka ce za ta ɗebe min kewa. Ba zan ce ba ta yi komai ba. Ta cikinta nake ganin fuskar jikokina, ta cikinta 'yan ajinmu na sakandare da na shekara ashirin ban gani ba suka yi min gaisuwa. Amma in na kunna karatu a cikinta, ba a nisa sai kira ya shigo, ko saƙo ya yi ƙara, ko data ta ƙare. In na ajiye kiran, shirun da ke biyowa ya fi na da nauyi. Mutum ya yi miki minti uku, ya ce sai haƙuri, ya koma cikin iyalinsa, ke kuma ki koma kallon bango.

Rediyon yana nan a ƙusarsa. Ban kunna shi ba. Tun ranar uku na tuna cewa yana tsaye daidai inda Malam ya danna shi a bakin zaure, kuma abin da zai fara fitowa daga cikinsa shi ne abin da ya shiga kunnen Malam na ƙarshe yana da lafiya. Gonarsa ƙannensa sun ƙarasa aikinta. Ɗakinsa an share, an wanke tufafinsa. Wannan wuri ɗaya ne kawai ya rage wanda hannun kowa bai taɓa ba bayan nasa. Na san kuma ina dannawa zai wuce gaba, ba zai sake tsayawa a nan ba. Duk Juma'a nakan sauke shi in jona a 'yar solarmu, don ina tsoron in cajinsa ya mutu ya manta. Ban san ko haka suke yi ba, ban kuma tambayi kowa ba, don sai na faɗi dalili.

Ranar sadakar arba'in dangi suka sake taruwa. Yara sun riga sun yarda a tsakaninsu cewa ƙananan kayan mahaifinsu, riguna da huluna da takalma, a bayar da su sadaka ladan ya kai masa. Yayan Malam, wanda muke ce wa Yaya Alhaji, shi ya zauna a kan tabarma yana faɗin wanda za a ba kowane abu. Ina gefe cikin hijabi, kaina a ƙasa. Sai na ji ya ce a kawo rediyon nan. Ya ce tun hanya yake tunani, ba wanda ya dace da shi sai Gwaggo.

Gwaggo ƙanwar mahaifin su Malam ce, tana Mahuta, ita ta yaye Malam. Idonta ya tafi shekara biyar ke nan, sai dai ta bambanta haske da duhu. Jikokinta sun gwada ba ta waya, ta shafa ta shafa ta ce ita ba ta jin komai a jikinta sai santsi. Yaya Alhaji ya ce wannan mai maɓalli ne, yatsa zai gane shi, kuma duk harafin da ta saurara Malam yana da lada. Kowa ya ce gaskiya ne. Ni ma a zuciyata na san gaskiya ne.

'Yata ta ɗauko shi daga ƙusa. Don ta kyauta min, ta ce bari ta zare memorin ta tura min komai a waya kafin a kai, kada in rasa. Na ga farcenta ya nufi ramin da ke gefensa.

"Kar ki cire."

Ban san muryata za ta fito haka ba. 'Yata ta janye farcenta. Ta ce, "Inna, ba abin da zai ɓace, ga waya kina da ita. Me za ki yi da wannan kuma?"

Me zan ce? A gaban yayan mijina, a gaban 'ya'yan da na haifa, in buɗe baki in ce ina riƙe da inda ya tsaya? Ni da na shekara talatin da ɗaya ban taɓa kama sunansa ba, ko hannunsa ban taɓa riƙewa a gaban mutum ba. Na ce kawai a yi min haƙuri, a bar shi sai na fita takaba. Yaya Alhaji ya ɗan dube ni, ya kawar da kai, ya ce ba laifi, a mayar mata. Ya wuce kan maganar huluna.

Watannin da suka biyo baya sun fi na farko wuya. Da, kewa kaɗai nake fama da ita. Yanzu kuma ga nauyi. In na idar da salla na yi masa addu'a, sai idona ya kai kan ƙusar, in ji kamar ina roƙa masa rahama da baki, ina tare masa lada da hannu. Tsohuwa tana can a zaune cikin duhu ba abin da za ta saurara, ni kuma na rataye karatu a bango ina gadinsa. Na yi istigfari ba adadi. Ana cikin haka Gwaggo ta aiko min da ƙullin daddawa ta hannun wata mai zuwa kasuwar Danja, tare da saƙo, wai a ce min ta ji an ce za a ba ta rediyon ɗanta, kada in damu, ba gaggawa, in na gama da shi. Da faɗa ta aiko da ya fi min sauƙi.

Ranar da na fita takaba, bayan an yi addu'a mata sun watse, na yi walaha, na sauke shi, na zauna a bakin ƙofar ɗakinsa inda yake zama ya cire takalmin gona. Na daɗe da shi a cinya. Na yi bisimilla na danna.

Dariya ce ta fito. Masallaci guda cike da maza, suna ta dariya, wani har yana tari. Mai tafsirin ma yana dariya, yana cewa a natsu. Sannan mai jan baƙi ya ɗauki aya ta gaba.

Na zauna baki buɗe. Wata huɗu da kwana goma ina shirya zuciyata ga ayar mutuwa ko ta hisabi. Sai murmushin da ya shigo da shi ya dawo min, da maganar da ya ce in tuna masa. Na danna na baya, karatun ranar ya koma farkonsa. Na saurara kusan awa ɗaya, kaji suna yawo a kan ƙafata, har aka zo wurin.

Mai tafsirin yana magana ne a kan zaman aure, sai ya kawo labarin wani manomi da kullum yake kushe miyar matarsa, yau gishiri ya yi yawa, gobe bai ji ba. Ta tafi biki garinsu sati biyu, ya rame har wandonsa yana zamewa. Da ta dawo ta tambaye shi ko kewarta ce, ya ɗaure fuska ya ce a'a, ruwan rijiya ne ya canza ɗanɗano.

Malam kenan. Shekara talatin da ɗaya yana ce min miya ta yi ruwa, yana siɗe kwano. Lokacin da na je jinyar mahaifiyata na yi wata guda, na dawo na tarar ya zabge, ya ce min sauro ne. Na san yadda zai ba ni labarin nan, yana kallon gefe, ya ƙare da cewa wasu mazan dai ba su da ta ido. Na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida, daga nan kuka ya karɓa, wanda ban samu yi ba tun a asibiti.

Washegari na hau mota zuwa Mahuta. Na tarar da Gwaggo a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Na rataya mata igiyar a wuya, na kama babban yatsanta na bi da shi kan maɓallan ɗaya bayan ɗaya. Ta kai shi hanci ta shaƙa.

"'Yar nan, kin gama da shi kuwa?"

Na ce na gama, Gwaggo.

"To ki riƙa zuwa. Ni ba na iya jona caji."

Jikokinta cike da gida, kowannensu ya iya. Na ce to.

Daga baya 'yata ta je ta tura min karatun duka a waya, kuma ina saurara in wayar ta bar ni. Wani lokaci takan ce min yanzu ai na ga ba a buƙatar irin waɗancan, ko masu sayarwa sun ragu. Nakan ce mata wataƙila. Ƙusar tana nan ba komai a jikinta, har yau idona yana zuwa can in na shiga shara. Juma'a biyu-biyu nake zuwa Mahuta. In na zauna, Gwaggo ta lalubo maɓallin ta danna, mu tashi daga inda ta tsaya.