Ruwan da Bai Jira Tuwo Ba

Na yi yawo daga Chadi zuwa Sudan har Hijaz, na ga abubuwa iri-iri, amma ranar da rafin garinmu ya tafi da aminina ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Allah.

Garinmu yana ƙasar Gwarzo, wajen Kutama. Rafin da ke bayan gari daga duwatsu yake gangarowa, kuma yawancin shekara yashi ne zalla. Iyayenmu suna da nasu awon. Sukan ce idan hadari ya zube a kan duwatsu, mace za ta ɗora sanwa, ta tuƙa tuwo, ta kwashe, kafin ruwa ya iso mana. Awon ke nan, babu wani. An taɓa kafa kwalbar auna ruwan sama a ofishin gona, amma ta fashe a shekarun tsuke bakin aljihu, ba a sake kawo wata ba. Ko da ma tana nan, ruwan cikin gari take aunawa, ba na kan dutse ba. A waɗannan shekarun ne kuma kananzir ya gagari talaka, aka hau duwatsu da gatura, aka sare itatuwan har suka koma kamar kan da aka yi wa aski.

Aminin nawa jinin Fulani ne da suka ajiye sanda suka kama noma. Yana da bijimai biyu na huɗa da amalanke. A damunar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ɗakin matarsa ya tsage, sai ya shiga rafi ɗibar yashi don gyara. Bayan la'asar na biyo ta gaɓa na same shi yana loda. Hadari ya taso daga gabas, ya zaga mu, ya je ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsu. Mu kuwa rana ce a kanmu, ko ɗigo babu.

Muka gaisa, na ce, "Malam, ka ga abin da ke can kuwa? Fito da shanun nan."

Ya ɗaga kai ya duba, ya yi dariya. "Alhaji mai yawon duniya! Ai ko sanwa ba a ɗora ba. Saura kaɗan in cika."

Na ce masa a Hijaz na ga kwari busasshe ya zama kogi alhali sama garau take. Larabawa sailu suke ce wa irin wannan ambaliya, ba sa ko shimfiɗa tabarma a cikin kwari. A wajen duwatsun Kamaru ma haka na gani.

"Can duwatsu ne na gaske," in ji shi. "Namu ai 'yan tsugunne ne. Kakana a rafin nan ya shayar da shanu, ubana ma haka. Kai dai tun da ka sha ruwan Larabawa ka zama matsoraci."

Ya tambaye ni ruwan zai kai ina, in har na sani. Wa ya san yawan abin da ya zuba a can? Babu wanda ya taɓa aunawa. Tsoro kawai nake da shi, shi kuwa yana da maganar kakanni.

Ƙarar ce ta fara zuwa, kamar babbar mota tana hawan tudu. Sai iska mai sanyi da warin ɗanyar ƙasa. Da na waiga sai na ga ruwan ya shawo kwana, ja wur, ya fi tsayin mutum, yana tura kututture da duwatsu a gabansa. Na yi ihu, "Bar su! Hau gaɓa!" Da shi kaɗai ne da ya tsira, don gaɓar ba nisa. Amma ƙafafun amalanken sun nutse saboda nauyin yashi, bijiman kuma suna ɗaure a jikinta. Ya tsaya kwance igiya. Na ga ya saki ɗaya, ya juya kan na biyun yana kiran sunansa. Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai ruwa.

Kashegari aka tsinci gawarsa can ƙasa, wajen Garo, maƙale a saiwar wata giginya. Bijimin da ya kwance ya komo gida da kansa, ya tsaya a ƙofa. Matar ta leƙo ta gan shi shi kaɗai, ta zauna a ƙasa.

A zaman makoki dattawa suka yi ta cewa rafin bai taɓa yin haka ba. Gaskiya suka faɗa. Da can itatuwa da ciyawa ke riƙe ruwan, su sake shi a hankali. Da muka sare su, babu abin da ya rage tsakanin sama da mu sai dutse tsirara. Ƙasar ta canza a hannunmu, mu kuwa muna riƙe da awon ƙasar da babu ita.

Abin da na koya shi ne, ilimin gado amana ne, amma sai an riƙa waiwayar ƙasar da aka gina shi a kanta. Inda kuma ba ka san girman abin da ke tafe ba, ka ɗauka babba ne. Gara a yi maka dariya a kan gaɓa da a yi maka salla a bakinta.