Ƙwaryar Ruwan Gwaggo Tabawa

Ku da kuka san Gwaggo Tabawa, yayar babanmu, kun san ba ta wuce gindin tsamiya ba ta yi sallama ba. Ko da tallar daddawa a kanta sai ta tsaya ta ce, "Gafaranku dai masu gida." Tsamiyar da ke tsakanin Birchi da Kurfi kuwa ba kaɗan ba ce, shi ya sa kullum ita ce ƙarshen isa kasuwa. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, ai ba mai amsa maki." Ta ce, "Mijina ma shekara talatin bai amsa ba, na fasa gaishe shi?"

Tsamiyar bayan gidanta kullum sai ta aje ƙwaryar ruwa a gindinta, wai ta Dogo ce, dodon fadama. Amma in wani ya ce dodo, sai ta hau shi da faɗa. Ta ce makiyayi ne, ya iso da ƙishi a shekarar fari, aka hana shi guga, ya mutu a bakin rijiya. Tun daga nan yake yawo. Bai taɓa cin kowa ba, ruwa kawai yake roƙo.

Lokacin da talabijin ta fara shigo mana, wasu samari biyu suka zo daga birni da rikoda, wai za su shirya wasan aljanu da dodanni, suna neman asalin kowanne. Da hantsi suka iso. Gwaggo ta ce ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓacewa yake.

Babban ya ce, "Hajiya, mota na jiranmu."

Ta ce, "Ban je Makka ba. Kuma ai ba motar ce za ta ɓace ba."

Ta miƙa masu kalwa suka yi ta ɓara, da wandunansu masu guga, har aka yi magariba. Sannan ta ba su labarin, ta ƙara da cewa, "Ku tabbata kun faɗi ruwan da aka hana shi, labarin ke nan duka." Suka ce to, munafukai.

Da aka fara nuna wasan na kai ta Dutsin-Ma gidan Mista Okon, ma'aikacin asibiti, shi kaɗai ke da talabijin a unguwarsu. Sai ga Dogo, ƙato an lulluɓe shi da buhu, an liƙa mashi ƙahon sa da haƙoran rogo, yana bin yara yana cinyewa. Ba rijiya, ba guga. Gwaggo ta tashi ta tsaya gaban akwatin, kamar babban samarin nan na ciki, ta ce, "Malam, ba haka na ce maka ba."

Mista Okon ya ce, "Mama, ba ya jin ki."

Ta ce, "Ai ran da ya zauna gabana ma bai ji ba."

Kowa ya kwashe da dariya, har da ni, kuma har yau ina jin haushin kaina. Wasan ya yi farin jini, duk mako ana nunawa. Yaran Birchi da ba su taɓa ganin talabijin ba suka ji labari, suka kama kiranta matar dodo, suna fasa mata ƙwarya. Da ta gaji da sayen ƙwarya ta koma gwangwanin madara. Tatsuniya kuwa ba wanda ya sake ji daga bakinta.

Da ciwo ya kwantar da ita, na tambaye ta me ya sa ta nace haka a kan dodon banza. Ta harare ni ta ce, "Ke ma dodo kike ce mashi? Wanda ya riƙe gugan nan ya hana, kakanmu ne. Na ɗauka in an faɗa duniya ta ji, zan huta da jan ruwa. Yanzu sai ki ci gaba."

Gwangwanin yana nan, ina cikawa. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya shayar da ita ruwan Alkausara, ita da baƙon da muka hana guga.